Marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad: Ɗalibin Zariya A Tsakanin Giwaye Biyu

A wannan fitowa filinmu na tunawa da magabata ya faɗo kan marigayi Janar Murtala Muhammad. Yawancinmu mun san shi da aiki da cikawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda rayuwarsa ta cuɗe da yaƙin cacar baka, wato gasar da Amurka da Tarayyar Sobiyat suka shiga bayan yaƙin duniya na biyu.

An haife shi a Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Bayan ya yi Midil ta Kano, ya zo Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa yanzu, ya gama a 1957. Waɗanda suka taka hanyar Gaskiya zuwa Tudun Wada a lokacin sun san zamani ne da Turawan mulki ke tsoron gurguzu kamar wuta. An hana shigo da littattafan 'yan gurguzu, kuma wanda aka zarga da wannan ra'ayi ba ya samun aikin gwamnati cikin sauƙi.

Ya shiga soja a 1958, ya yi horo a Sandhas ta Ingila, ya fito hafsa a 1961 a sashen sadarwa. Ba da jimawa ba aka tura shi Kwango cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasa ce da ta sami 'yanci a 1960, amma kafin a je ko'ina manyan ƙasashen nan biyu suka mai da ita fagen kokawa, har aka kashe firayim ministanta Patrice Lumumba a Janairun 1961. Nan saurayin hafsan ya ga abin da Hausawa ke nufi da cewa idan giwaye na faɗa ciyawa ce ke shan wahala.

Darasi na biyu ya zo a yaƙin basasa. A 1967 Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin tarayya makamai, Ingila kuma ta hana jiragen yaƙi. Sai Sobiyat ta kawo jirage samfurin MiG, ƙasar da a da ake gudun ko gaisawa da ita. Murtala ne ya jagoranci Runduna ta Biyu, ya ƙwato yankin Tsakiyar Yamma. Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: sojojin wannan runduna sun kashe fararen hula masu yawa a Asaba a Oktoban 1967, kuma yunƙurin ƙetare kogin Kwara zuwa Anaca ya ci rayukan sojoji da dama. Wannan tabo ne a tarihinsa.

Ya zama shugaban ƙasa bayan juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975. A watan Oktoba ya ƙaddamar da kwamitin tsara kundin mulki mai mutum 49, ya kuma nuna musu cewa gwamnatinsa ba za ta ɗora wa ƙasa wata aƙida ba. Duk da haka muhawarar jari-hujja da gurguzu ta shiga zauren. Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da Dokta Segun Osoba suka ƙi amincewa da rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu dabam. Ashe gardamar Washinton da Mosko ta iso har Samaru.

Babban gwajin ya zo ne a Angola, wadda ta sami 'yanci daga Fotugal ranar 11 ga Nuwamba, 1975. Sobiyat da Kyuba suna bayan MPLA, Amurka tana bayan FNLA da UNITA. Da farko Nijeriya na neman a yi gwamnatin haɗin gambiza. Amma da ta tabbata sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun shiga Angola suna yaƙar MPLA, sai Nijeriya ta amince da gwamnatin Agostinho Neto a ƙarshen Nuwamba, ta kuma ba ta gudummawar dala miliyan 20. Shugaban Amurka Gerald Ford ya aiko da wasiƙa yana neman shugabannin Afirka su bi ra'ayinsa. Gwamnatin Murtala ta sa aka buga wasiƙar a jaridu tare da martani mai zafi. Ranar 11 ga Janairu, 1976, a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa, ya bayyana cewa Afirka ta kai munzalin yanke wa kanta shawara. Taron ya rabu biyu, ƙasashe 22 a kowane ɓangare, amma cikin wata guda ƙungiyar ta amince da MPLA.

Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, Laftana Kanar Buka Suka Dimka da mutanensa suka harbe shi a Ikko yana kan hanyar ofis. Shekarunsa 37, mulkinsa kwana 200. Cikin ƙorafe-ƙorafen da gwamnati ta ce masu juyin sun kawo har da zargin cewa ƙasa ta karkata ga gurguzu. Ɗalibai kuwa suka yi zanga-zanga a ofisoshin jakadancin Amurka da Ingila, aka kuma nemi jakadan Ingila, wanda Dimka ya je ofishinsa a ranar, ya bar ƙasar. Ba a kafa hujjar cewa wata ƙasar waje ce ta kitsa kisan ba, amma zargin ya daɗe a zukatan jama'a.

Murtala bai kasance ɗan gurguzu ba, bai kuma yarda a ja shi da igiyar Yamma ba. Ya bar mana jihohi 19, da shawarar gina Abuja, da alƙawarin miƙa mulki da aka cika a 1979. Ya kuma bar dubban ma'aikata da aka kora cikin gaggawa, wasunsu ba tare da an saurare su ba, ciki har da waɗanda muka sani. Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, amma masu neman su zaɓar mana aboki da abokin gaba ba su ƙare ba. Ya rage ga ƙannenmu da ke aji yanzu su san wannan tarihi, daɗinsa da ɗacinsa.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa mu cika da imani, amin.