Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, Malamin Da Ya Bar Mana Shaihu Umar

Dalilin wannan rubutu wata 'yar gardama ce da ta tashi a gidanmu, kuma mun san irinta ba ta rasa tashi a gidajenku. Tun da muka hana yara yawon gidan kallo da dare, sai muka yanka cewa ran Juma'a bayan isha'i kowa ya hallara a tsakar gida a kalli fim ɗaya tare, in da wuta ko in da man janareto. To, wajen zaɓe ake yin ta. Iyaye mata su Indiya mai fassara suke so, samari sai na faɗa, Cainis ko na Amurka, 'yan mata kuwa ba su da magana sai ta masu dogon zango na Kano. Da abin ya ishe mu muka sa doka: zaɓe ya riƙa zagayawa, kuma bayan kowane sabon fim sai an sa tsoho. Ta haka yaran suka ga Sholay na 1975, suka ga Umar Mukhtar, suka ga Sangaya. Ran da layi ya zo kanmu muka ce Shaihu Umar. Tsit kake ji, ba wanda ya taɓa jin sunan. Muka laluba aljihu muka fito da tsohuwar takardar Naira biyar, wadda yau ko ruwan leda ba ta saye, muka ce ga mai labarin. Fuskar sun san ta, sun san Firayim Minista ne. Cewa marubuci ne kuwa, ko ɗan da ke jami'a bai sani ba.

An haifi Malam Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, ƙasar Bauci. Sunan garin Fillanci ne, ma'anarsa baƙin dutse, kuma duk mai zama da Fulani a nan Jimeta ya san kalmar baƙi a bakinsu, ba sai an fassara masa ba. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala, mahaifiyarsa Fatima Inna. Ba ɗan sarauta ba ne. A riƙe wannan, domin a zamanin nan ɗan talaka bai cika wuce makarantar allo ba, kuma yawancin waɗanda suka yi mulki tare da shi daga baya 'ya'yan gidan sarauta ne. Ya yi allo, ya yi elemantare a garinsu, ya wuce makarantar lardi ta Bauci, daga nan a 1928 aka tura shi Kwalejin Katsina, inda ake horar da malamai. Can ya tarar da Ahmadu Raɓa, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gaba da shi a aji. Ya gama a 1933, ya komo Bauci yana koyarwa a makarantar Midil, har ya zama hedimasta.

A shekarar da ya gama Katsina ne wani Bature, Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya, ya zaga yana neman malamai su ƙago labari da Hausa a rubutun boko, aka sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai Shaihu Umar. Marubucin nasa lokacin bai fi shekara ashirin da ɗaya ba. Ku duba yaranmu masu wannan shekaru.

Sauran littattafan akwai raha da aljanu da abin al'ajabi. Nasa ba haka yake ba. Wani malami ne a Rauta, kusa da Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya zauna ya ba su labari. An haife shi a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri wani bafade, Makau. 'Yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa Makau sharri wajen sarki, aka kore shi daga gari. Cikin wannan watsewar gida aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har Kano, inda wani Balarabe fatake, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Uwar kuwa ba ta zauna ba. Ta fita neman ɗanta, ita ma aka yaudare ta aka sayar, aka kai ta har Tarabulus. Sun sadu daga ƙarshe, amma tana gargarar mutuwa. Mu dai duk sanda muka zo wannan wuri sai mun ajiye littafin mun nisa.

Abin da ya sa labarin ya shafe mu, mu da kakanninmu suka biyo fatauci daga Kano da Katsina da Haɗeja da Zazzau suka sauka bakin Binuwai, shi ne hanyar da suka bi da goro da kanwa da tufafi ita ce aka bi da mutane a ɗaure. Ba mu son faɗa, amma haka ne, kuma ƙasar Adamawa ba ta kuɓuta daga wannan ciniki ba. Sanda Malam Abubakar ke rubutu, waɗanda aka sace suna yara suna nan da ransu, sun tsufa. Ba a ma soke bauta ɗungurungum a dokar Arewa ba sai 1936. Bai yi zagi ba, bai yi wa kowa wa'azi ba, har ubangidan yaron ya nuna shi mutumin kirki. Wasu masana na ganin ya yi wa bautar sassauci da yawa. Mu a ganinmu wanda ya karanta abin da ya sami uwar nan ba ya bukatar a ƙara masa bayani.

A Bauci ya zauna da mutane masu zafi, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya koyar a Midil ɗin. Suna da taron tattaunawa inda ake tayar da maganar mulkin En'e. Shi ne mai sanyin cikinsu. A 1945 aka tura shi Jami'ar Landan karatun koyarwa na shekara guda, da ya dawo ya zama jami'in ilmi na En'e ta Bauci, a 1946 ya shiga Majalisar Arewa, a 1947 ta Ikko. Amma kada sanyin nan ya ruɗe ku. A 1950 ya miƙe a majalisa a Kaduna ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi, ya yi maganar cin hanci da yadda talaka ba shi da bakin magana. A wancan zamani, ɗan talaka ya taɓa sarakuna a bainar jama'a, ba ƙaramar kasada ba ce. Da ƙyar ƙudurin ya wuce, amma ya wuce.

Da aka mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, ta siyasa sosai, Sardauna ya zama shugaba, shi mataimaki. A 1952 ya zama Ministan Ayyuka a Ikko, daga baya na Sufuri. Nan ne ya kamata mu 'yan kasuwar Jimeta mu tsaya kaɗan. Dattawanmu suna ba da labarin yadda jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina su sauke gishiri da yadi da kananzir, su kwashi gyaɗa da fata da auduga. Malam Abubakar ya ɗauki sufurin kogi da muhimmanci, har a 1955 ya tafi Amurka ya ga yadda suke aiki da kogin Misisipi, don a kwatanta a Kwara da Binuwai. Wannan tafiya ta sake masa tunani. Da can yana ganin haɗin Nijeriya dabarar Turawa ce kawai, ya ma faɗi haka a majalisa a 1947. Da ya ga mutane iri-iri sun zama ƙasa ɗaya a can, sai ya dawo da ra'ayin cewa mu ma za mu iya. A zamaninsa aka shimfiɗa dogo daga wajen Jos ta Bauci da Gwambe, ya isa Maiduguri a 1964. Bai ratso Yola ba, har yau kuma bai zo ba, kogin ma yashi ya cinye. Duk mai biyan kuɗin tirela daga Kano ko Anaca ya san abin da muka rasa.

A 1957 ya zama Firayim Minista na farko, shi ya karɓi 'yancin kai ran 1 ga Oktoba 1960, bayan 'yan kwanaki ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya, Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. Turancinsa da muryarsa suka sa ake masa kirari da mai muryar zinariya. A Janairun 1961 gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da suke yi a Sahara. Yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a wannan shekara, saboda wariyar launin fata. Ya je Amurka wajen Shugaba Kennedy a Yulin 1961, ya je Adis Ababa a 1963 aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Kuma a Fabrairun 1961, yana kan mulki, aka yi ƙuri'ar raba gardama wadda mutanen Mubi da Ganye da sauran yankin suka zaɓi zama a Nijeriya maimakon Kamaru. Ba don wannan ƙuri'a ba, da mai kai kaya kasuwar Mubi yau sai da fasfo.

Ba za mu ce mulkinsa ba aibi ba. An yi rigimar ƙidayar jama'a a 1962 da 1963, an ɗaure Awolowo a 1963, an zub da jini a ƙasar Tibi, zaɓen 1964 ya zo da ƙaurace wa ƙuri'a, na Yamma a 1965 ya ƙare da ƙone-ƙone. Mutane da yawa na ganin ya yi jinkirin ɗaukar mataki a Yamma, wasu na cewa ƙarfin yana Kaduna wajen Sardauna, shi riƙon ƙwarya yake yi. Mu ba mu yarda da ta biyun duka ba, amma ta farkon akwai ƙamshin gaskiya. Haƙuri ma in ya yi yawa yakan zama laifi ga shugaba. A Janairun 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko kan maganar Rodeshiya. Kwana kaɗan bayan sun watse, daren 15 ga wata, cikin azumi, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. A daren aka kashe Sardauna a Kaduna da Akintola a Badun, da manyan hafsoshi irin su Zakariya Maimalari. Sai bayan kusan mako aka tsinci gawarsa a gefen hanya bayan garin Ikko. Aka kai shi Bauci aka rufe, yana da shekara 53. Allah Ya jiƙansa. Wanda ya je kabarinsa zai ga 'yan kayan da ya bari an ajiye, ba su kai na wani kansila na yanzu ba.

Littafin bai mutu da shi ba. Wani Bature, Mervyn Hiskett, ya juya shi Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo. Sannan a 1976 aka yi fim ɗinsa da Hausa, mai launi, ya haura awa biyu, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Ikko, Umaru Ladan ɗin ne ya fito a Shaihu. Wanda ya ba da umarni kuwa namu ne na nan jihar, marigayi Adamu Halilu, haifaffen Garkiɗa, wanda ya koyo aikin fim a Turai, ya rasu a 2001. Ku lura, wannan shekara 14 ke nan kafin Turmin Danya na 1990, wanda ake ƙirga shi farkon finafinan bidiyo na Kano. Mu sau ɗaya muka gan shi muna yara, abin da ya tsaya mana a rai shi ne ayarin raƙuma cikin rairayi da mutane a bayansu a ƙasa. Babu rawa, babu waƙar bishiya. Tafiyarsa a hankali take, kamar yadda tsoho ke ba da labari, kuma mun tabbata samarinmu za su fara da tsaki kafin ya kama su.

Bayan nan fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, har ana zaton ya tafi ke nan. Sai a 2016 aka gano faifansa cikin ƙura a wani tsohon ɗakin ajiya na Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Ikko. Wata cibiya a Balin ta ƙasar Jamus, Arsenal, ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wato Jamusawa sun zauna sun kalli Makau da Abdulkarim, 'ya'yan Limawa ba su taɓa jin sunansu ba.

Mun zaga shagunan masu tura fim a waya, daga kasuwa har bakin tasha, ba wanda ke da shi, wani ma ya ɗauka sabon fim ne ya ce mu dawo mako mai zuwa. Don haka Juma'ar da ta zama tamu ba a kunna komai ba. Wani malamin firamare maƙwabcinmu ya ara mana tsohon kwafin littafin, bangonsa ya yage, 'yarmu ta aji biyar ta karanta a bayyane, muka yi Juma'a uku kafin mu kai ƙarshe, a ta ukun har da matan maƙwabta. Muna roƙon shugabannin ƙungiya, tun da hedkwatar Hukumar Finafinai tana nan Jos, a rubuta musu takarda da sunan ƙungiya a nemi a zo a nuna mana shi a filin makaranta. Kuɗin man janareto da hayar kujeru mu 'yan layin yadi mun ɗauka.