TAƘAITACCEN TARIHIN BISHOP SAMUEL AJAYI CROWTHER

Yayin da muke murnar cikar ikkilisiyarmu shekara 50, ya dace mu tuna da waɗanda suka riga mu ɗaukar Bishara a ƙasar nan. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, mutumin da tun yarantakarsa har tsufansa bai cika sanin abin da gobe za ta kawo masa ba, amma ya riƙe bangaskiyarsa ya yi ta aiki.

An haifi Ajayi a garin Osogun cikin ƙasar Yarabawa wajen shekarar 1809. A 1821 masu farautar bayi suka auka wa garin, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ba da jimawa ba aka raba shi da su. Aka yi musayarsa da doki, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har baƙin ciki ya sa ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa, amma Allah bai yarda ba. A ƙarshe Turawan Fotugal suka saye shi a Legas, suka sa shi cikin jirgin bayi.

A watan Afrilu 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin nan suka kuɓutar da bayin. Yaron bai ma san ceto ne ya zo ba. Da ya ga naman alade a rataye da harsasan igwa a jere, sai ya ɗauka naman 'yan'uwansa ne da kawunansu. Haka yake faruwa da mu sau da yawa, Ubangiji yana buɗe ƙofa, mu kuwa muna rawar jiki. Aka sauke shi a Saliyo, ya shiga makarantar mishan ta CMS. Aka yi masa baftisma a watan Disamba 1825, ya ɗauki suna Samuel Crowther. Yana cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay a 1827, ya kuma auri Susan, wadda ita ma 'yantacciyar baiwa ce.

A 1841 ya bi ayarin da Ingila ta aiko su hau kogin Kwara. Abokin tafiyarsa shi ne Rabaran J. F. Schön, wanda daga baya ya yi aiki mai yawa a kan harshenmu na Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, ayarin ya koma ba nasara. Amma daga wannan hasara aka gane cewa 'yan Afirka ne za su kai Bishara cikin ƙasar. Aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi firist a 1843.

A 1846 ya je aiki Abeokuta. A can ne aka kawo masa wata tsohuwa, ashe mahaifiyarsa ce, bayan rabuwar shekara 25. Duk wanda ya karanta yadda Yakubu ya sake ganin Yusufu a Masar zai iya kwatanta wannan rana a zuciyarsa. Ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma a 1848 da suna Hannatu.

Mu 'yan Arewa muna da rabo a cikin aikinsa. A 1857 jirgin da yake ciki, mai suna Dayspring, ya bugi dutse ya lalace kusa da Jebba. Ba jirgi, ba hanyar komawa da wuri. Crowther bai zauna yana kirga kwanaki ba. Ya shiga koyon Nufanci, ya yi ta hulɗa da mutanen Raba, daga baya ya wallafa littattafai a kan harshen. Ya yi zaman mutunci da Sarkin Bida Masaba, wanda Musulmi ne, yana yi masa magana da ladabi ba tare da ya ɓoye bangaskiyarsa ba. A Gbebe, kusa da Lakwaja, ya yi wa masu bi na farko baftisma a 1862.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi Bishop a babbar majami'ar Canterbury, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a ɗarikar Anglika. Cikin masu kallo har da hafsan jirgin da ya kuɓutar da shi shekara 42 da suka wuce. Rigar Bishop ba ta kare shi daga wahala ba. A 1867 wani basarake kusa da Idah ya tsare shi da ɗansa Dandeson yana neman fansa, Baturen da ya zo kuɓutar da su kuwa kibiya ta kashe shi. Cikin dukan wannan bai ajiye aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci ba, har aka kammala shi yana da rai.

Gwaji mafi zafi ya zo masa ne cikin tsufa, kuma daga cikin gida. Matarsa ta rasu a 1880. Sai ga wasu matasan Turawan mishan sun zo da zafin kai, suna zargin ma'aikatansa 'yan Afirka da rashin tsarki. Gaskiya ne akwai masu laifi a cikinsu, Bishop kuwa mutum ne mai sanyin hali wajen horo. Amma a ganina yadda aka bi da maganar ba halin Kirista ba ne. A taron Anaca na 1890 aka dakatar da ma'aikatansa a gabansa, har da ɗansa Dandeson, kamar shi ba Bishop ba ne. Dattijo mai shekara sama da 80 ya janye daga kwamitin, amma bai bar ikkilisiya ba, bai kuma kafa tasa ba. Ya ci gaba da tunanin yadda ikkilisiyoyin yankin Neja Delta za su tsaya da ƙafafunsu.

Ciwon shanyewar jiki ya kama shi a 1891, ya huta cikin Ubangiji a Legas ran 31 ga Disamba na wannan shekara. Bature aka naɗa a gurbinsa. A 2014, cikin majami'ar nan ta Canterbury inda aka keɓe shi, Akbishop Justin Welby ya tsaya a gaban jama'a ya nemi gafara saboda abin da aka yi masa.