John Robert Cobb: Likitan da ya bar wa duniya ma'aunin karkatar ƙashin baya

Daga Jakara zuwa Asibitin Ƙashi na Dala tafiya ce kaɗan. Iyayen da suka taɓa kai yarinya can saboda kafaɗarta ɗaya ta ɗara ɗaya tsawo, sun ga yadda likita ke ɗaga hoton ƙashi, ya ja layuka biyu, sannan ya faɗi adadi. Wannan adadi shi ke nuna ko za a ci gaba da lura da ita kawai, ko a ɗaura mata rigar tallafi, ko a yi tiyata. Sunansa kusurwar Cobb, kuma ya samo shi ne daga wani likita Ba'amurke da ya rasu shekara 8 bayan buɗe asibitin na Dala a 1959.

An haifi John Robert Cobb a unguwar Brooklyn ta birnin New York a 1903. Ba da likitanci ya fara ba, domin adabin Turanci ya karanta a Jami'ar Brown, kafin ya wuce Jami'ar Yale, inda ya kammala karatun likita a 1930. A 1934 ya kama aiki a wani asibitin ƙashi na New York wanda a yau ake kira Hospital for Special Surgery, aka damƙa masa sashen masu karkatar ƙashin baya.

A wancan zamani shan inna na nakasa yara a Amurka, kuma rigakafinta bai samu ba sai 1955. Idan cutar ta raunana tsokar ɓangare ɗaya na jiki, ƙashin baya kan lanƙwashe zuwa gefe, abin da mutanen Kano ba su buƙatar a yi musu dogon bayani a kansa. Akwai kuma yara da dama, musamman 'yan mata masu tasowa, da bayansu ke karkacewa ba tare da wani sanannen dalili ba. Tambayar da ke gaban likita ita ce, karkatar ƙaruwa take yi ko ta tsaya? Ido kaɗai ba ya iya amsa ta.

Cobb ya shafe shekaru yana tara hotuna da bayanan marasa lafiyarsa, har a 1948 ya wallafa hanyarsa. Za a nemi gaɓar ƙashin da ta fi kowace karkata a saman lanƙwasar, a ja layi bisa samanta. Sai a nemi wadda ta fi karkata a ƙasa, a ja layi a ƙarƙashinta. Kusurwar da ke tsakanin layukan biyu ita ce girman karkatar. Fensir da ma'aunin kusurwa sun wadatar.

A yau ba a kiran lanƙwasa cuta sai ta kai digiri 10. Daga wajen digiri 25 zuwa 40 akan sa wa yaron da bai gama girma ba rigar tallafi, idan kuma ta haura 45 zuwa 50 sai a fara shawarar tiyata. Shi kansa Cobb ba mai gaggawar fiɗa ba ne, domin bayanan da ya tara sun nuna masa cewa kaɗan ne daga cikin masu wannan lalura ke buƙatar ta.

Ma'aunin yana da iyaka. Likitoci biyu kan iya saɓawa da kimanin digiri 5 a kan hoto ɗaya, sannan hoton shimfiɗe yake, alhali ƙashin yana murɗewa a lokacin da yake karkata. Shi ya sa yanzu ake amfani da kwamfuta wajen jan layukan da kuma gina siffar ƙashin ta kowane ɓangare. Duk da haka, sakamakon da kwamfutar ke bayarwa da kusurwar Cobb ake gwada shi.

Cobb ya rasu a 1967. Amfanin aikinsa ga iyaye shi ne a kai yaro tun yana cikin girma, domin a lokacin ne karkata ke saurin ƙaruwa, a lokacin ne kuma rigar tallafi ke aiki. Idan yaro ya sunkuya aka ga ɓangare ɗaya na bayansa ya fi tudu, wannan ba karaya ba ce da mai ɗori zai gyara. A kai shi asibitin ƙashi a ɗauki hoto a auna.