Grace Hopper: Matar Da Ta Koya Wa Kwamfuta Kalmomin Mutane

An haifi Grace Hopper a birnin New York na Amurka ranar 9 ga Disamba, 1906. Tun tana 'yar shekara 7 ta kwance agogunan gidansu don ta ga abin da ke motsa su. Ta samu digirin digirgir a fannin lissafi daga Jami'ar Yale a 1934, ta koyar a Kwalejin Vassar, sannan ta shiga rundunar sojin ruwa a 1943, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard, inda ta yi aiki da Mark I, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko. A wancan zamani ba a ba na'ura umarni sai da lambobi, don haka masana lissafi ƙalilan ne kawai ke iya sarrafa ta. Hopper ba ta gamsu da haka ba. A ganinta, akawu da mai lissafin albashi su ma suna da haƙƙin cin moriyarta.

Bayan ta koma kamfanin da ke ƙera UNIVAC a 1949, sai ta samar da manhajar A-0 a 1952, wadda ke ɗauke wa mai rubuta umarni wani ɓangare na wahalar lambobi. Da ta kawo shawarar a riƙa rubuta umarnin da kalmomin Turanci, manyanta suka ƙi, bisa hujjar cewa na'ura ba ta jin magana. Sai da aka kwashe kusan shekara uku kafin a amince. Ta kuma nuna musu cewa Faransanci da Jamusanci ma za su yi aikin.

Harshen da ta gina, FLOW-MATIC, shi ne tushen COBOL da aka tsara a 1959, wanda bankuna da dama a duniya ke amfani da shi har yau.

Ta yi ritaya a 1986 tana da shekara 79, ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992.

A yau mai POS a kasuwar Nguru da ɗan kasuwar Gashuwa da ke tura kuɗi ta waya suna sarrafa na'ura ba tare da digirin lissafi ba. Sai dai mafi yawan saƙonnin bankin da Turanci suke zuwa, wanda kuwa bai iya shi ba yakan miƙa wa wani wayarsa, wani lokaci har da lambar sirrinsa.