Nana Asma'u, Mawaƙiyar da Baƙin Ciki Bai Rufe wa Baki Ba

An haifi Nana Asma'u a Degel cikin shekara ta 1793. Ita 'yar Shehu Usman ɗan Fodiyo ce, musulma, malama, wadda ta san Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuwa yi waƙa da dukansu uku.

Tana da shekara kamar 11 sa'ad da jama'ar mahaifinta suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Daga nan sai yaƙi, da yunwa, da ƙaura daga wannan zango zuwa wancan. An sha kashi a Tsuntsuwa, aka sake sha a Alwasa, kusa da Birnin Kebbi, a 1805. Yarinyar ta ga gwauraye da marayu tun ba ta isa aure ba. Mutanen bakin Tafkin Kainji, waɗanda ruwa ya tashi iyayensu daga garuruwansu a 1968, ba sai an faɗa musu nauyin barin gida ba.

Ta auri Gidaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Sai rasuwa ta yi ta bin ta: mahaifinta a 1817, wanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, daga baya mijinta, da aminiyarta A'isha. Ta yi waƙoƙin makoki, ba ta kuwa ɓoye hawayenta a cikinsu ba. Amma abin lura shi ne abin da ta zaɓa ta yaba. Bello mayaƙi ne, kowa ya sani. Duk da haka, da ta zo makokinsa, halinsa ta sa gaba, wato iliminsa, da adalcinsa, da kula da talaka. Mai jin waƙar yakan yi kuka tare da ita, sa'an nan ya tashi da abin koyi a hannu. A ganina nan ne gwanintarta take.

Ba ta bar waƙoƙin cikin gidan sarauta ba. Ta zaɓi dattawan mata masu hankali, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani. Su ne ke jagorancin matan ƙauye, waɗanda ake kira 'Yan Taru, zuwa wurinta. Su haddace waƙa, su koma su koya wa na gida. Macen da ba ta iya karatu ba tana iya rera baiti tana daka ko tana kaɗi.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta, wajen 60, suka buga su cikin littafi guda.