TARIHIN JOSEPH LISTER, LIKITAN DA YA KORI ƘAZANTA DAGA ƊAKIN TIYATA

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa tiyata a babban asibitin Doma ko na Lafiya, ya san ba a shiga ɗakin nan da takalmi ko rigar gida. Likitoci sukan wanke hannu sosai, su rufe baki da hanci, a kuma dafa wuƙaƙe da almakashi. Wanda ya kafa harsashin wannan tsabta shi ne wani likitan Ingila, Joseph Lister.

An haife shi ran 5 ga Afrilu, 1827, a Upton kusa da Landan. Ya gama karatun likita cikin 1852, sa'an nan ya tafi Edinburgh wurin shahararren likita James Syme, wanda daga baya ya aurar masa da 'yarsa Agnes. Cikin 1860 aka ba shi shugabancin koyar da tiyata a Jami'ar Glasgow.

A zamanin nan likita yakan tashi daga kan wannan majinyaci ya koma kan wancan ba wanke hannu, rigarsa duk busasshen jini. Sai a gama aiki lafiya, bayan kwana kaɗan rauni ya ruɓe, mutum ya cika. Cikin mutum 35 da Lister ya yanke wa hannu ko ƙafa a 1864 da 1866, 16 sun mutu.

Da ya karanta binciken Louis Pasteur na Faransa, sai ya gane ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani su ne ke ruɓar da rauni. A watan Agusta, 1865, aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 11 wanda keken doki ya taka, har ƙashin ƙafarsa ya fasa fata. Lister ya ɗaure raunin da ƙyalle jiƙe da ruwan karbolik, maganin da ake zubawa a magudanar ƙazanta. Bayan mako shida yaro ya koma gida da ƙafarsa.

Daga nan ya sa doka a wanke hannu, da kayan aiki, da zaren ɗinki da wannan magani. Tsakanin 1867 da 1869, cikin mutum 40 shida kaɗai suka mutu. Duk da haka manyan likitocin Landan sun daɗe suna yi masa ba'a, amma bai fasa ba. Cikin 1871 shi aka kira ya yi wa Sarauniya Victoria aikin wani ƙurji.

Ya rasu ran 10 ga Fabrairu, 1912, bai bar ɗa ba. Amma aikinsa ya yi 'ya'ya. Cikin 1960 Willis Whitfield na Amurka ya ƙago ɗaki mai tace iska, wanda ke share ƙura ba tsayawa. A irin waɗannan ɗakuna ake haɗa allurar rigakafi da ƙananan kayan cikin kwamfuta, inda ƙwayar ƙura guda ta isa ta ɓata aiki.