Muhammad al-Katsinawi: Masanin lissafin ƙasar Hausa da ya rasu a Alƙahira

A shekarar 1741 wani malami ɗan ƙasar Katsina ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana taurari da lissafi na Masar a wancan zamani. Sunansa Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bakatsine. Kafin rasuwarsa ya bar wasiyyar littattafansa a hannun mai masaukinsa.

Daga baya ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, ya sanya shi cikin shahararren littafinsa na tarihin Masar, Aja'ib al-Athar. Ta nan ne akasarin labarinsa ya iso gare mu.

Al-Katsinawi ya yi karatu a hannun malaman ƙasar Hausa da na yankin Borno, ciki har da Muhammad al-Wali na Bagirmi. Wajen shekarar 1730 ya sauke farali a Makka, sannan ya zauna a Masar yana koyarwa yana rubutu. Ya wallafa littattafai kan nahawu da manɗiki da ilimin taurari, amma wanda ya fi ɗaukaka sunansa shi ne Bahjat al-Afaq, kan ilimin haruffa da hatimi, wanda ya rubuta wajen 1732.

Hatimi ba baƙon abu ba ne daga Katsina har Damagaram da Gure, domin ana ganinsa a allo da cikin laya. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai lissafi tsantsa. Ana jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A hatimi mai gida uku-uku, layukan su ne 4, 9, 2, sai 3, 5, 7, sai 8, 1, 6, kuma ta ko'ina aka haɗa 15 ake samu. Mai gida biyar-biyar yana ba da 65, mai bakwai-bakwai kuma 175.

Wahalar tana wajen cika manyan hatimai, inda lalube ba ya kai mutum ko'ina. Al-Katsinawi ya bayyana ƙa'idojin cika hatimi mai gidaje mara, wato uku, biyar, bakwai zuwa sama: inda za a ajiye lamba ta farko, yadda za a taka zuwa ta gaba, da abin da za a yi idan an tarar da gida a cike. Irin wannan tsari na mataki-mataki shi ne tushen umarnin da ake rubuta wa kwamfuta a yau.

Girman fagen ya ƙara fitowa fili a 1973, lokacin da Richard Schroeppel na Amurka ya ƙirga da kwamfuta cewa akwai hatimai 275,305,224 mabambanta masu gida biyar-biyar. A shekarar ce kuma Claudia Zaslavsky ta gabatar da aikin al-Katsinawi ga masu karatun Turanci a littafinta Africa Counts.

Shi kansa bai raba lissafi da ilimin asiri ba, kamar yawancin malaman zamaninsa. Amma ƙa'idojinsa suna aiki ga duk wanda ya gwada su, ko da alƙalamin kara ko da kwamfuta. Akwai kwafin rubutunsa a ɗakin karatu na makarantar SOAS da ke Landan.